Taɓarya a Cinyar Abarshi

"Wayyo Allah! Munkaila, ƙafa ce fa, ba buhun albasa ba!"

Ihun Abarshi sai da ya tarwatsa kajin da ke gindin rumbu. Yana kwance rub da ciki a tsakar gida, ya ciji gefen tabarma, shi kuwa Munkaila, abokin dakonsa a tashar Ƙonni, ya durƙusa a kansa yana murza masa bayan cinyar hagu da duk ƙarfin da Allah ya hore masa. Bilkisu na tsaye bakin madafa da ludayi a hannu, tana kallon mijinta, ƙaton da ya birkice mazan Illela da na Tsarnawa, yana hawaye shaɓe-shaɓe. Tausayi ya kama ta, ta taka za ta je.

"Kar ki matso!" ya daka mata tsawa. "Na ce miki kar ki matso!"

Ga yadda abin yake. Ranar Lahadi, saura kwana uku, za a yi kokowar zaɓe a filin Ƙonni, wanda ya yi kayen ƙarshe shi za a tafi da shi garin Tawa ya shiga cikin 'yan kokowar jaha. Shekara biyu a jere Abarshi na kaiwa karon ƙarshe, Chindo na Malbaza na kwashe shi. Ga shekaru sun fara ja, talatin da uku ba wasa ba ne a wannan sana'a. In bana ta wuce shi, ya san sai dai ya rataye walki ya koma kallo. Shi ya sa ya wanke ƙafa har Bazaga wurin wani boka, ya dawo da guru ɗaure a ƙugu da sharaɗi guda: muddin gurun na jikinsa, kada hannun mace ya taɓa fatarsa, in ya taɓa, guru ya mutu. Tun ranar ko tuwo sai Bilkisu ta ajiye a ƙasa ta ja da baya. Mafi muni, ya daina tsallakawa gidan maƙwabciyarsu Inna Saude, tsohuwar da ta shekara goma sha ɗaya tana tausa masa jiki duk ranar da ya dawo daga horo, kafin ciwo ya kwantar da ita. Kwana huɗu kacal da ɗaura gurun, yau da hantsi, cinyar ta ɗaure masa a cikin rairayi, aka kawo shi gida a amalanken jaki.

Wata siririyar murya ta taso daga bayan katanga.

"Wa ke yanka rago gidan nan ba a kira ni ba?"

Bilkisu ta yar da ludayi ta zagaya. Inna Saude na kwance a rumfarta, bargo har wuya. Tun da aka cire amfanin gona ciwon ƙirji ya kwantar da ita, an je gidan likita an dawo, ƙafafu sun kumbura, sauran jiki ya zube. Ɗiyarta Shatu ta baro Tsarnawa ta zo jinya. Amma idon tsohuwar nan, wallahi, yana nan tar.

"Ina ta kama shi?" ta tambaya.

"Bayan cinya, Inna. Ta hagu."

"Ya ji ƙara lokacin, ko ɗaurewa ta yi?"

"Ya ce kamar an ja igiya an ƙulle."

"Wurin ya yi baƙi?"

"A'a."

"To nama bai yage ba, ƙulli ne. Ki ce wa wancan mai dakon shi ɗaga hannu kafin shi yage shi da gaske. A kawo mini yaron."

Bilkisu ta sunkuyar da kai ta faɗi zancen guru. Ta zaci tsohuwar za ta yi fushi. Ina! Dariya ta kece da ita, har tari ya sarƙe ta, Shatu ta taso da ruwa tana harara.

"Hannun mace anka ce?" in ji Inna da ta samu numfashi.

"Hannun mace."

"Ni ai nawa hannun ya riga ya yi ritaya, ko ƙwarya ba shi ɗauka. Bokan bai ce komi kan taɓarya ba?"

"Taɓarya kuma, Inna?"

"Ɗauko ƙaramar can ta dakan yaji, ki wanke ta da kyau."

Bilkisu ta ɗauko. Ta ce in dai itace ne, ai gara a ba Munkaila, shi ke da ƙarfi.

"Munkaila ya taɓa daka tun da uwarshi ta haife shi? Ke in kina daka, sai kin leƙa turmi kafin ki san gero ya yi gari?"

"A'a, a hannu nake ji."

"To haka nama yake, ɗiyata. Itacen zai gaya miki. Namiji ba shi jin maganar taɓarya."

Nan take ta sa Shatu ta ninka tsohon bargo huɗu, ta ɓoye ƙwallon dabino a ciki, ta ce Bilkisu ta kwantar da taɓaryar ta mirgina a hankali, ido rufe. Karo na farko ta wuce shi. Na biyu ma haka. A na uku ta ji wani ɗan tsalle ya zo mata har wuyan hannu, ta buɗe ido ta ce, "Ga shi nan!" Daɗi ya kama ta har ta manta da abin da ya kawo ta.

Da aka tallabo Abarshi, ya ga matarsa riƙe da taɓarya, sai ya ja ya tsaya da ƙafa ɗaya.

"Inna, don girman Allah! In 'yan Malbaza sunka ji an daka ni, ina zan sa kaina?"

"Ko muciya kake so?"

Abarshi ya dubi taɓaryar. Ya kwanta.

Aiki ya kankama. Shatu ta tafasa ruwa da ganyen dogon yaro, Munkaila ya riƙa tsoma tsumma yana gasa wurin, sannan ya shafa man kaɗe, tunda shi hannunsa halal ne. Bilkisu ta durƙusa ta riƙe taɓarya ta baki biyu, ta tattare zanenta don kada ko gefen yatsa ya goge shi. Daga saman gwiwa take farawa ta mirgina sama, ba ta dawowa da nauyi, sai ta ɗaga ta sake. Inna, an jingina ta da matashi, ba ta ma kallo. Kunne ta kasa.

"Wannan nishin shagwaɓa ne, wuce. Wuce. Yauwa, tsaya nan! Kin ji shi?"

"Na ji, Inna! Kamar goriba!"

"Ɗora nauyinki, ba ƙarfinki ba. Ƙirga ashirin. Kai kuma saki numfashi, ba haihuwa kake ba."

"Wallahi gara haihuwa!" in ji Abarshi, fuska cikin tabarma.

"Ka taɓa yi?"

Har Shatu sai da ta dara.

Safe da la'asar ake yi. Tsakani Inna ta hana shi horo, ta ce ya yi ta tafiya a hankali cikin rairayi, ya sha ruwa da yawa, ya bar zama kan kujera. Ranar Juma'a ya iya durƙusawa. Amma Bilkisu na lura da wani abu da ke tsinka mata zuciya: duk yadda ƙafar ke sakewa, haka tsohuwar ke ƙara zubewa. Kunu cokali biyu, ta kau da kai. In an gama tausa sai ta yi lamo, ƙirjinta na kuka. Shatu ta tare Bilkisu a zaure, ido jawur.

"Kun zo ku ƙarasa mini uwa saboda kokowa?"

Sai muryar Inna ta fito daga rumfa.

"Shatu, bar su. Wata biyu ina kwance ana tambayata ya jiki. Yau kwana biyu ana tambayata ya za a yi. Bar su."

Asabar da la'asar, ana cikin ƙirga ashirin, a kan sha bakwai, Bilkisu ta ji abin ya narke ƙarƙashin itace, kamar gudajin gari ya fashe a cikin kunu. Ta mirgina ta sake mirginawa, taɓarya ta wuce sumul.

"Inna, ya tafi! Wallahi ya tafi!"

Abarshi ya miƙe. Ya taka. Ya durƙusa ya tashi, ya buga ƙafar da ƙasa, ya sake bugawa. Sai kawai ya sungumi Munkaila da tsummansa da komai ya cira sama, yana juyi da shi a tsakar gida, Munkaila na kururuwa a sauke shi. Bilkisu ta rangaɗa guɗa ba ta san ta yi ba. Maƙwabta suka leƙo ta kan katanga suna tambayar wa ta haihu.

Lahadi tun azahar ganguna suka cika gari. Motoci na sauke mutane daga Dogarawa da Malbaza, 'yan samariya na kai da kawowa da tutoci. Bilkisu dai ta yanke ba za ta je ba, don tun safe numfashin Inna ya sake, ya zama gajere, kuma ƙafafunta sun yi sanyi. Tana zaune tana yi mata fifita sai tsohuwar ta buɗe ido.

"Mi kike yi nan?"

"Ina tare da ke, Inna."

"Tashi ki tai fili."

"Ba ni iya barin ki haka."

"Saurara, Balki." Ta huta, ta haɗiye yawu. "Shekara arba'in ina gyaran 'yan kokowa. Kan mijina marigayi Tanimun na koya, shi kuwa bai yarda matarshi ta je kallo ba. Da ya rasu kuma na riga na saba. Ban taɓa ganin kokowa ba, ko sau ɗaya. Su zo su ce mini, Inna, na yi kaye, Inna, an kayar da ni. Ba wanda ya taɓa gaya mini abin da ƙafa ta yi. Ke kin san ta yanzu. Kar ki kalli fuskarshi, ƙafar za ki kalla. In shina ɓoye ta baya, aikinmu bai yi ba, ko da ya yi kaye. In ya kafa ta gaba ya ɗora mata nauyi, ki zo ki gaya mini. Zan jira."

Bilkisu ta dubi Shatu. Shatu ta karɓi mafici, ta ce a hankali, "Je ki dawo da wuri."

Kai, jama'a! Filin ya cika ya batse, har kan itatuwa mutane ne. Sufurefe, shugaban gunduma, da manyan gari na ƙarƙashin rumfa, jandarma na korar masu kutsawa da bulala, maroƙa na zuba kirari kowa da gwaninsa. Bilkisu ta kutsa ɓangaren mata, ta taka ƙafar wata aka zage ta, ta ba da haƙuri ta ƙara kutsawa har ta kai gaba. Ga Abarshi can, walki ɗaure, layu reras a damtse, yana rawa yana watsa rairayi sama. Zuciyarta ta buga da alfahari, sai ta tuna saƙo, ta sauke ido ƙasa.

Karon farko da wani saurayin Illela ne. Ba a daɗe ba Abarshi ya taɗe shi, fili ya ɗauki ihu. Matar da ke kusa da ita ta rungume ta tana tsalle. Bilkisu kuwa ba ta yi murna ba, don da ƙafar dama ya yi aikin, hagun na can baya a ɓoye. Karo na biyu ma haka, na uku ma haka. Yana cin nasara, amma yana lallaɓa ƙafar. Ita kaɗai a duk filin nan ta san tsoro yake ji.

Sai aka kira Chindo.

Chindo, mai ɗora buhunan siminti a Malbaza, gajere ne, faɗinsa kamar ƙofar zaure, kuma a bayyane yake labari ya kai masa. Ana busa usur ya sunkuya ya nufi hagun kai tsaye. Abarshi ya janye. Ya sake kawo hannu, Abarshi ya sake janyewa, suna zagaya fili, 'yan Malbaza na ihu, "Gurgu! Gurgu!" Suka sarƙe, kai da kai, gumi na zuba. Chindo ya tura, Abarshi ya ja baya taku ɗaya, biyu, uku, har dugadugansa suka kusa buhunan da aka kewaye fili da su. Ƙafar dama ta gaji, Bilkisu na ganin tana rawa.

"Kafa ta!" ta kwarma wa mijinta ihu, ta manta da kunya, ta manta da surukai. "Baban Bala, kafa ta! Ta warke!"

Ko ya ji, ko bai ji ba, Allah masani. Chindo ya saki wuya ya nutsa don ya kwashi ƙafar, sai Abarshi, maimakon ya janye, ya cusa hagun gaba tsakanin ƙafafun Chindo, ya dasa ta cikin rairayi har idon sawu, ya rungumi ƙugunsa. Bilkisu ta ga cinyar ta kumbura, ta ga daidai inda goribar nan take, ta ga nauyin maza biyu ya hau kanta. Ƙafafun Chindo suka bar ƙasa. Ƙafar Abarshi kuwa ta tsaya cik.

Ba ta jira ta ga faɗuwa ba. Ta juya ta ratsa mata, kallabi ya faɗi ba ta waiwaya ba. Tana kaiwa bakin fili ihun ya doke ta a baya, ihun da ya sa jakan amalanke suka zabura, sannan ganguna suka ɗauki taken Abarshi. Ta tuɓe takalma ta riƙe a hannu, ta bi ta bayan kasuwa da gudu, tana dariya tana kuka, masu shaguna na tambayarta wa ya yi kaye, ba ta ko tsaya ba.

Ta tarar an mayar da Inna kan tabarma a ƙasa, Shatu na ɗiga mata ruwa a baki da auduga. Bilkisu ta zube a gefenta tana haki.

"Inna! Inna, hagun! Ya kafa ta gaba, ya ɗauki Chindo a kanta ɗungurungum!"

Idon ya buɗe kaɗan.

"Ta yi rawa?"

"Ko gezau, Inna. Na gani da idona."

Bakin tsohuwar ya motsa, murmushi ne. Da ta sake magana, sai da Bilkisu ta kai kunne.

"Kar ku bari shi kwanta haka nan. Ruwan zafi. Gobe ma."

Kiɗa ya matso, ya shigo lungu, ya tsaya ƙofar gida. An ɗauko Abarshi a kafaɗa tun daga fili. Aka ji muryarsa yana cewa a sauke shi, sai ga shi ya faɗo gidan, rairayi har gira, layu na karo da juna, Munkaila na biye.

"Inna! Tawa, Inna! Za ni Tawa! Na..."

Ya ga Shatu, ya ga audugar, maganar ta mutu a bakinsa. Ya tsaya kamar an dasa shi. Bilkisu ba ta taɓa ganin farin ciki ya bar fuskar mutum da sauri haka ba.

Hannun Inna na kan bargo, yatsun na ɗan motsi, suna lalube. Abarshi ya dube su. Sai ya taka a hankali, ya kwanta rub da ciki a gefen tabarmarta.

"Balki, ɗora mini hannunta."

"Abarshi, gurun fa?" Munkaila ya raɗa. "Tawa saura sati biyu."

"Balki, na ce ki ɗora."

Bilkisu ta ɗauki hannun, ba nauyi ko kaɗan, ta aza shi a bayan cinyar, kan gumi da rairayi. Yatsun suka tsaya, kamar suna gaisawa. Sannan suka fara tafiya da kansu, daga saman gwiwa, sannu sannu, suka hau, suka kai wurin, suka ɗan danna.

"Ya saki," in ji Inna Saude.

Shatu ta sunkuya tana laƙƙana mata kalmar shahada. A waje masu kiɗa ba su san abin da ake ciki ba, sai da Munkaila ya fita, gangunan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Can Shatu ta shafa fuskar uwarta ta rufe idon, ta ja bargo, ta fashe da kuka.

Abarshi bai tashi ba. Ya cusa fuska cikin damtsensa, kafaɗunsa na girgiza, amma ƙafar hagun ya riƙe ta cik a ƙasa, don kada hannun ya zame.